Ciwon da Aka Hana Mama Faɗa

Ni na riƙe biron. Gara in faɗi wannan tun farko, kada a ɗauka labarin wasu nake bayarwa.

Ranar wata Asabar da hantsi mai inshora ya zo gidanmu. Siririn mutum ne mai baƙar jaka, ya zauna a bakin kujera kamar yana tsoron kada ya ɓata ta. Mijina ne ya kira shi. Manaja kowa yake ce wa mijina tun da aka damƙa masa shagon tayil, har uwar da ta haife shi. Yayarsa, wadda duk muke kira Yaya, ta zo daga gidanta da jakar takardun jarrabawar ɗalibanta. Autansu yana aiki a nesa, sai aka kira shi a waya, aka jingina wayar da kwalbar ruwa a kan tebur.

Maganar Mama za a yi, surukata, amma ba a kira ta ba. Tana ɗakinta tana ɗinki, muna jin ƙarar kekenta ta bango. Shekararta sittin da tara, takwas daga ciki da ciwon suga.

Mai inshora ya jera takardu uku a kan tebur.

"Tsari uku gare mu na dattawa," in ji shi. "Ƙaramin, ganin likita ne da maganin zazzaɓi da kwanciyar kwana uku. Ba na ba ku shawararsa. Matsakaicin akwai kwanciya, akwai tiyata, akwai ɗaukar hoto. Amma ciwon da ke zama a jiki, irin su suga da hawan jini, ba ya ɗauka sai in an gano shi bayan wata goma sha biyu da shiga. In an gano kafin nan, an cire shi ke nan, ba za a sake mai da shi ba."

"Wanda ya riga yana da ciwon fa?" Yaya ta tambaya.

"Don shi aka yi babban. Tun ranar farko akwai magani, gwaji duk wata, likitan ido, likitan ƙoda, har mai duba ƙafa."

Manaja ya jawo takardar, ya dubi ƙasanta inda kuɗin yake, ya yi 'yar dariya. "Malam, asibitin za mu saya gaba ɗaya?"

"Ninki uku ne na matsakaicin, ba zan ɓoye muku ba. Amma in Mama tana da wani abu a jiki, shi ne nata."

"Me ya ce?" muryar Auta ta fito daga waya. "Ba na jin ku sosai."

"Kai dai da an zo wajen kuɗi sai layinka ya lalace," in ji Yaya. Aka yi dariya, har da mai inshora.

Ya bar mana fom, ya ce zai dawo Litinin. Da ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Abin da kuka rubuta shi kamfani zai bi. Ku rubuta abin da yake akwai."

Motarsa ba ta gama fita daga layi ba Manaja ya ture takarda biyu gefe, ya bar ta tsakiya.

"Ga yadda za a yi. Mu ɗauki matsakaicin. Ƙwayarta mu ci gaba da saye a kemis, ba ta da tsada. In shekara ta cika mu kai ta, su auna, su gano sugan da kansu. Daga nan duk nauyin ya koma kansu."

"In wani abu ya faru kafin shekarar fa?" Yaya ta ce.

"Me zai faru? Shekara takwas tana shan ƙwayar nan, kin taɓa ganin ta kwana a asibiti? In kuma babban kike so, bismilla, mu raba uku."

Yaya ta sunkuyar da kai tana gyara zik ɗin jakarta. Ta ce yara biyu gare ta a jami'a. Auta ya ce shi duk abin da manya suka yanke daidai ne. Mu kuma a lokacin muna ɗora bene a kan gidan, bulo yana jibge a tsakar gida. Babu wanda ya ambaci bulon.

Manaja ya miƙo mini biro. "Rubutunki ya fi kyau."

Tambaya ta goma sha ɗaya ce. An jera cututtuka, suga ne na biyu. A gabansu 'yan akwatuna biyu, e da a'a. Na dubi Manaja, shi kuma yana duban wayarsa. Na sa alama a a'a.

Sannan aka kira Mama ta sa hannu. Ta shigo da awo rataye a wuya, zare maƙale a zaninta.

"An gama shawarar sai da ni?" ta ce. "Nawa aka taya?"

Manaja ya yi mata bayani a hankali, kamar yadda yake yi wa mai sayen tayil. Yanzu tana da katin babban asibiti mai sanyi, ba sauran bin layi. Abu ɗaya ne kawai. Daga yau zuwa shekara, in likita ya tambaya, ba ta da suga.

Mama ta daɗe tana dubansa. "Ƙarya zan yi da furfurata?"

"Ba ƙarya ba ce, Mama. Shiru ne kawai. In kika faɗa, kuɗin da muka zuba duk ya bi ruwa."

"Kuɗi ne mai yawa?"

"Mai yawa ne."

Ta karɓi biron ta rubuta sunanta, harafi bayan harafi. "To, Allah ya yi muku albarka," ta ce, ta koma ɗaki.

Kafin wannan rana, duk farkon wata nakan raka Mama ƙaramin asibitin unguwa. Akwai wata nas a can, gajera mai faɗa, wadda takan sa ta cire takalmi, ta duba tsakanin yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa tafin ƙafar da wani siririn zare tana tambaya, "Kin ji nan? Nan fa?" Manaja ya ce a daina zuwa. Ya ce asibitoci yanzu duk kwamfuta ɗaya suke, sunan Mama zai iya fitowa. Nas ɗin ta kira sau biyu. Na ce mata Mama ta yi tafiya. Ba ta sake kira ba.

Watannin farko ba abin da ya faru. Manaja yakan zo da ƙwayar a aljihu, kwali ɗaya duk wata. Wata rana ya manta, ya ce gobe, goben ta zama kwana shida. Wata rana kemis ɗin ya ce babu irin tata, ya ba da wata mai kama da ita. 'Yan takardun da ake sa wa na'urar gwajin suga suka ƙare a wata na uku. Na faɗa masa.

"Ai ta san jikinta," ya ce. "In ya hau za ta ji."

Mama ta fara yawan shan ruwa. Ta rame kaɗan, mutane suna ce mata ta yi kyau. Zura zare a allura ya fara yi mata wuya, sai ta kira ni.

"Doguwa, zo ki ara mini idonki."

Doguwa take ce mini tun ranar da na shigo gidan, wai sai ta ɗaga kai kafin ta yi mini faɗa.

A wata na bakwai, da safe ina sharar ɗakinta, na ga ɗigon jini a ƙasa daga bakin gado zuwa wajen keke. Na ce ta ɗaga ƙafa. Fil ne na ɗinki, ya shige ƙarƙashin babban yatsanta na dama har kai. Ba ta san yana nan ba. Ba ta san tun yaushe ba.

"Ba ki ji zafi ba, Mama?"

"Ko kaɗan. Kin ga ƙafar tsohuwa, ta zama katako."

Na zare shi, na wanke da ruwan gishiri, na sa aidin. Bayan mako biyu wurin bai rufe ba. Ya buɗe kamar bakin kwalba, gefensa fari.

Manaja ya ce ai don irin wannan aka yi katin. Ya kai mu babban asibitin da kansa. A mota ya tuna mata, ta ce ba ta manta ba.

Likitan saurayi ne mai tabarau. Ya duba ƙafar, ya latsa gefen ciwon, ya dubi fuskar Mama ya ga ba ta ko motsa ba.

"Mama, kina da suga?"

"Ba ni da shi."

"Hawan jini?"

"Babu."

"A danginku akwai mai shi?"

Ta dubi Manaja. "Ban sani ba."

Ya rubuta maganin sha da na shafawa, ya ƙara wata takarda. "Ku biya ɗakin gwaji a ɗebi jininta. Ciwon nan bai yi mini kama da na fil kawai ba."

Da muka fito, ɗakin gwajin yana hannun dama, ƙofar fita tana hannun hagu. Manaja ya ninke takardar ya sa a aljihun riga.

"Ta riga ta karya," ya ce. "Ba a gwajin nan sai da yunwa. Ma dawo."

Muka bi hagu. A mota na ce masa in aka dawo ai za su gani.

"Shi ya sa ba za mu dawo yanzu ba. Saura wata biyar. Akwai mai wankin ciwo a kemis, ya fi su iyawa."

Mai wankin ciwon ya riƙa zuwa duk bayan kwana biyu. Yakan goge, ya cusa auduga, ya naɗe da bandeji. A zuwa na shida ya ja ni gefe ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai ta asibiti. Na faɗa wa Manaja. Ya ce mutumin so yake a ƙara masa kuɗi. Aka sallame shi, wankin ya dawo hannuna.

Mama ta daina taka keke da ƙafar dama, ta koma hagu. Ɗinkin ya fara karkacewa. Wata mata ta dawo da riguna biyu, ta ce ba haka ta saba gani ba. Mama ta zauna ta warware su duka, ta mayar mata da yadinta, ta ba ta haƙuri. Daga ranar ta lulluɓe keken da tsohon zani. Masu kawo ɗinki suka riƙa zuwa ina ce musu tana hutawa, har suka daina.

Yaya takan zo ranar Lahadi. Takan tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta gaishe ta, ta ajiye lemo a kan tebur. Wata rana na ce ta shigo ta ga ciwon. Ta ce ita ba ta iya ganin jini, tun tana yarinya haka take. A falo na ce mata, "Yaya, ki yi wa ƙaninki magana."

"Na yi masa. Ya ce an kusa. Kin san shi, in na matsa sai ya ce in ɗauke ta in kai gidana, ni kuma ɗaki biyu gare ni." Ta gyara gyalenta. "Kuma ke ce a gidan. Ke kike gani kullum. In ya yi tsanani ai za ki faɗa."

Auta yakan kira ranar Juma'a. Mama takan gyara murya kafin ta ɗauka.

"Yaya ƙafar, Mama?"

"Da sauƙi, Auta. Kai dai ka riƙa cin abinci."

"To madalla. Zan turo wani abu ƙarshen wata."

A wata na goma ɗakin ya fara wari. Na riƙa buɗe taga, ina wanke ƙasa da maganin kashe ƙwayoyin cuta safe da yamma. 'Ya'yana mata biyu da suke kwana a ɗakinta suka dawo falo. Ba wanda ya ce su dawo, ba wanda ya ce su koma. Babban yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara bi. Ina warware bandeji ina numfashi ta baki. Mama takan juya fuska wajen bango.

"Doguwa, ina wahalar da ke."

"Ba komai, Mama."

"Saura nawa?"

"Wata biyu."

"To. Ba yawa."

Ran nan na tari Manaja a tsakar gida yana magana da magina. Na jira suka hau sama, na ce masa ya zo ya gani da idonsa. Ya shiga, ya tsaya daga nesa, ya duba, ya fito. Ya daɗe a bakin famfo yana wanke hannun da bai taɓa komai ba.

"Kina ganin ni ba na jin abin nan?" ya ce. "Uwata ce. Amma ki yi tunani. In muka kai ta yau, sun cire sugan har abada. Wata goma da muka yi haƙuri ya tashi a banza. Ita kanta wa zai riƙa ɗaukar maganinta nan gaba? Don ita nake yi."

"Ko wani asibitin ne, mu biya da kanmu."

"Su rubuta a kwamfuta? Kuma kada ki manta, rubutun waye a fom ɗin? In suka ce zamba ce, wa za su fara nema?"

Da yamma ya dawo da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai tsada da kwalbar turare. Ya zauna a bakin gadonta minti biyar, ya ce mata ta ƙara haƙuri, an kusa. Ta ce Allah ya yi masa albarka, shi kaɗai ne mai ɗawainiya da ita.

Kwanakin da suka biyo baya duk iri ɗaya ne. In tashi, in dafa ruwa, in warware, in wanke, in naɗe, in ƙona audugar a bayan gida. In kai yara makaranta. In dawo in tarar da abincin safe yadda na ajiye shi. Sama ana ta buga guduma. Na daina jin warin. Na daina jin komai sosai. Wani lokaci nakan tsinci kaina tsaye a kicin da cokali a hannu, ban san me na zo yi ba.

Saura kwana goma sha tara shekara ta cika, da safe na shiga da ruwan wanki, Mama ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ni. Jikinta kamar garwashi. Jan ya wuce idon sawu, ya hau ƙwauri. Ta ce in ɗauko mata almakashi, masu kaya suna jira.

Manaja ya riga ya tafi shago. Na kira shi.

"Ki ba ta maganin zazzaɓi, ki shafa mata ruwa. Ina da masu kaya, zan zo da azahar."

Na kashe wayar. Na kira maƙwabcinmu mai tasi. Ni da shi muka ɗauko ta a cikin zanin gado. Kafin in fita na buɗe durowarta, na kwashe kwalayen ƙwayar da ta shanye, waɗanda take tarawa don ta riƙa zuba maɓallai, na zuba a jaka. Ban san dalilin da ya sa na yi haka ba a lokacin.

Wata likita ce ta karɓe mu, babbar mace mai furfura a goshi. Ta warware bandejin, ta duba ƙafar. Aka soki yatsan Mama, na'urar gwajin suga ta nuna abin da ta nuna. Aka sa mata ruwa da allura. Zuwa azahar hankalinta ya ɗan dawo. A lokacin Manaja ya iso, yana haki, ya tsaya a ƙarshen gado.

Likitar ta jawo kujera ta zauna kusa da kan Mama.

"Mama, ina so in san tun yaushe kike da suga, kuma wane magani kike sha. Da shi zan san abin da zan ba ki. Ƙodarki ta taɓu, ba kowane magani za ta ɗauka ba."

Mama ta buɗe ido. Ta nemi Manaja har ta same shi.

"Ba ni da shi," ta ce.

"Mama, jikinki ya nuna ya daɗe."

"Ba ni da shi, likita."

Likitar ta juya wajen Manaja. Ya ce su dai ba su taɓa sani ba.

Na buɗe jaka na juye kwalayen a kan gado. Maɓallai suka zube a ƙasa suna gangarawa ƙarƙashin gadaje.

"Shekara tara ke nan," na ce. "Wannan take sha. Wata huɗu da suka wuce aka ce a yi gwaji, ba a yi ba."

Likitar ta ɗauki kwali ɗaya ta karanta, ta rubuta a fayil. Ba ta dubi kowa a cikinmu ba. Ta ce wa nas a shirya ɗakin tiyata, sannan ta ce wa Manaja ya biyo ta ya sa hannu.

A ƙasan gwiwa aka yanke.

Muna zaune a benci a bakin ɗakin tiyata, Manaja ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kwana goma sha tara. Kin kasa riƙe bakinki kwana goma sha tara."

Yaya ta iso tana kuka, ta ce me ya sa ba wanda ya gaya mata abin ya kai haka. Auta ya kira, ya ce da an faɗa masa gaskiya da ya san abin da zai yi.

Kwana uku bayan haka mai inshora ya zo asibitin da baƙar jakarsa. Ya gaishe da Mama, ya fito baranda ya ba Manaja wasiƙa. Kamfani ba zai biya ba, kuma an soke katin. Manaja ya ɗaga murya, ya ce su ɓarayi ne, sun iya karɓa ba su iya bayarwa ba, zai kai su kotu. Mutumin ya tsaya ya saurara har ya gama.

"Na so a ce babban kuka ɗauka," ya ce. "Mai duba ƙafa yana zama duk Talata."

Aka tsayar da ginin sama. Yaya ta sai da filinta. Auta ya turo abin da ya turo. Cikin mako ɗaya kuɗin tiyata ya haɗu, ba wanda ya ce ba shi da shi.

Mama ta yi kwana ashirin da shida a asibiti. Ba ta tambayi ƙafar ba. Da nas ta zo wanki takan dubi silin. Sau ɗaya kawai, ina ba ta shayi, ta ce, "An mayar wa Manaja kuɗinsa?"

Na ce a'a.

Ta ture kofin. "Na yi iya ƙoƙarina, Doguwa. Ban faɗa ba."

"Na sani, Mama."

"Ke kika faɗa."

"Ni ce."

Ta rufe ido. Ban san ko godiya ce ko tuhuma ba, ban kuma tambaya ba.

Da aka sallamo ta, gida ya cika da 'yan dubiya. Ranar Lahadi ta farko aka fito da ita falo a keken guragu, aka lulluɓe mata cinya da bargo. Dangi, maƙwabta, matan da ta yi wa ɗinki shekara da shekaru, duk sun zo. Ni ina zagawa da tire ina raba ruwa.

Ƙanin marigayi mijinta, wanda yaran suke kira Baffa, dattijo ne mai tambaya. Ya ce shi abin ya ɗaure masa kai. Ya ji an ce an yi mata inshora a babban asibiti. Yaya aka yi ciwo ya kai haka ba a tare shi ba?

Manaja ya gyara zama.

"Baffa, ka san halin tsofaffinmu da ɓoye ciwo. Ba abin da ba mu yi ba. Kati mun yi mata, asibiti na kai ta da kaina. Likita ya tambaye ta a gabana, kina da suga, ta ce ba ta da shi. Ga matata nan, tana wajen."

"Wallahi Mama akwai zurfin ciki," in ji Yaya. "Duk Lahadi ina nan, ban taɓa jin ta ce wayyo ba."

Matan suka girgiza kai. Wata ta ce uwarta ma haka take, sai abu ya lalace a sani. Wata ta ce Mama ta gode Allah da ya ba ta 'ya'ya masu tsayawa, wasu da tuni an bar su a gadon asibiti. Baffa ya juya wajen Mama.

"Ke kuwa me ya sa? Ciwo ai ba abin kunya ba ne. Ga shi kin jawo wa yaran nan asara, kin jawo wa kanki."

Mama ta dubi bargon da ke cinyarta. Ta sa hannu ta daidaita gefensa inda ya lotsa, wajen da babu komai a ƙarƙashi.

"Haka ne," ta ce. "Ni ce ban faɗa ba. A yafe mini."

"Ba komai, Mama," in ji Manaja. "Ya wuce."

Aka yi addu'a, aka shafa. Hira ta koma kan tsadar siminti.

Ina tsaye da tire a tsakiyar falon. Mutum goma sha wani abu ne a wurin, kuma huɗu daga cikinmu mun san yadda aka yi. Ɗaya ta riga ta nemi gafara. Biyu sun yafe mata. Baffa ya miƙo hannu, na ba shi kofin ruwa, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ji irin wahalar da na sha da tsohuwa.

Na ce amin, na wuce wajen na gaba.